Shekarar Ruwan Lahadi

Kwana tara ke nan kogi yana hawa. Ba hadari, ba iska, rana na dukan mutum kamar ta bazara, amma kullum da safe idan na je duba sandar da aka kafa a gindin jinga sai in tarar ruwa ya cinye wani zanen. Wanda bai zauna fadamar Haɗeja ba da wuya ya gane: ruwan da ke cin mu ba a kanmu yake sauka ba. Can yamma ake yin sa, ya yi kwanaki a hanya, ya iso ya tarar ciyawar kacalla ta toshe masa hanya, sai ya tsaya yana kumbura yana neman ta inda zai fashe. Warinsa ma daban ne, warin ruɓaɓɓiyar ciyawa da baƙar laka. Ranar da na fara shaƙarsa bana, nan take na gane shi. Warin waccan shekarar ne sak. Damina uku ke nan, kuma har yau mutanen garinmu ba su da wani suna da suke kiranta sai shekarar ruwan Lahadi.

Mu ne masu Lahadin. Gida uku ne na Kirista a ƙauyenmu, mutum goma sha ɗaya har da jarirai, kuma namiji mai ƙarfi a cikinmu babana ne kaɗai, Malam Iliya. Shi ke bi da sujada don ba mu da fasto, sai wata-wata wani yakan zo mana daga Haɗeja a kan babur. Kakana Dauda ne ya kawo bangaskiyar garin, bayan ya yi jinyar gyambo a wani asibitin mishan tun yana saurayi. Bai iya karatu ba. Abin da ya dawo da shi kaɗan ne, shi ya sa ya riƙe shi da hannu biyu. Ba a hura wuta a gida sai an yi addu'ar safe. A riga maƙwabci gaisuwa ko da an kwana da faɗa. Ba ƙarya, ko ta wasa. Ranar Lahadi kuwa ba a ɗaukar fartanya, ba lauje, ba shebur. Baba yakan ce, "Yadda aka ba shi, haka ya ba ni. Ban ƙara ba, ban rage ba."

Jinga ita ce doguwar ganuwar ƙasa da buhunan yashi da ta raba gidajenmu da gonakin shinkafarmu da kogi. Duk shekarar da ruwa ya yi yawa, Bulama yakan raba ta kaso-kaso, kowane gida ya tsare nasa. Aikin ba ƙarfi kaɗai ba ne, ido ne. Kafin jinga ta ɓalle takan fara da ɗan tsiyaya ta ramin ɓera, mukan ce ta fara hawaye. Idan an gani da wuri, buhu ɗaya da laka sun isa. Idan ba a gani ba, mutum ɗari ba su isa ba. Kasonmu, taki arba'in, shi ne na ƙarshe, a kwanar da ke bayan giginyu, inda ba mai hango shi sai wanda ya taka ya je.

Kason da ke manne da namu na gidan Malam Bukar ne, maƙwabcinmu, wanda kakanninsa suka taso daga bakin tafkin Chadi. Shi da kakana sun yi wani abu shekara da shekaru. Ranar Juma'a, idan maza suka haye jirgi zuwa babban masallaci a garin da ke ƙetare, kakana yakan tsaya a kason Malam Bukar har su dawo. Ranar Lahadi da safe, da an buga guntun ƙarfen da muke kiran sujada da shi, sai Malam Bukar ya saɓa sheburinsa ya nufi bayan giginyu. Ba su taɓa zama sun yi maganar ba. Wata Juma'a kakana ya je, wata Lahadi shi ya zo, shi ke nan. Da kakana ya rasu Baba ya gada, Malam Bukar kuma ya ci gaba da zuwa har gemunsa ya yi fari fat.

Da ranin waccan shekarar Malam Bukar ya rasu. Ɗansa Modu, wanda ya bar gari tun yana yaro ya tafi kamun kifi a tafkin Chadi, ya dawo da matarsa Falmata da 'yarsu Zara mai shekara huɗu, ya zauna gidan. Mutum ne mai fara'a. Ni kuwa lokacin na gama sakandare a Haɗeja ke nan, ina jiran sakamako, kuma rabin yinina a gidansu nake yi. Falmata takan kira ni 'yar boko, Zara kuma ba ta yarda kowa ya yi mata kitso sai ni.

Shinkafa ta yi kyau a shekarar. Ta yi ciki, ta fara fitar da kai, in ka tsaya kan jinga da yamma sai ka ga fadama kore shar har inda ido ya tsaya. Hatsin bara kuwa ya kusa ƙarewa a rumbuna kamar yadda ya saba a wannan lokacin, kowa yana ta lallaɓa abin da ya rage yana kallon gona. Sai kogi ya fara hawa. Bulama ya raba kaso.

Ranar Juma'a Baba ya tsaya a kason Modu kamar yadda ya saba, har ya ƙara masa buhu shida. Ina nan na kai wa Baba ruwa lokacin da Modu ya sauko daga jirgi.

"A'a, Malam Iliya," in ji shi yana dariya, "kasona ya yi maka rauni ne?"

"Ina! Hannu ne ya saba."

"To Allah ya saka. Kai da babana duk halinku ɗaya, ba ku iya zama ba."

Suka yi dariya, aka rabu. A gida Inna, mahaifiyata, ta tambayi Baba, "Ka gaya masa?"

"In gaya masa me?"

"Zancen jibi mana. Mutumin nan bai tashi a nan ba."

"In ce masa na yi maka, ka biya ni? Ubansa da ubana ba su taɓa cinikin wannan abu ba, Saratu. Ai ya gan ni a kasonsa. Ɗan Malam Bukar ne, zai gane."

Inna ta koma kan tukunyarta. Amma ranar Asabar da hantsi ta kira ni bayan rumbu ta ce, "Rahila, je ki gidan Falmata. Ki ce na ce gobe Lahadi, kasonmu ba kowa daga safe zuwa azahar, marigayi shi ke tsaya mana. Ki faɗa mata a hankali, ita ta san yadda za ta gaya wa mijinta."

Na je. Na tarar da tsakar gida cike da baƙi, mata shida dangin Modu da suka zo daga gabas, sun baje tabarmi ana ta hira rabi Hausa rabi Barbarci. Zara ta ruga ta haye cinyata tana wasa da 'yan kunnena.

"Wannan fa 'yar wa?" in ji wata tsohuwa.

"'Yar maƙwabta ce," in ji Falmata. "'Yar boko ce, Turanci kamar ruwa. Rahila, yi musu su ji."

"Kai, ga kyau ga hankali," in ji tsohuwar. "An yi mata miji? Ina da jika a Malam Madori, yana da shago."

Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi. Saƙon yana bakina, amma shekara shida a makaranta sun koya mini yadda fuskar mutane ke sauyawa idan suka ji kalmar Lahadi daga bakina. Ba zagi, ba komai, ɗan shirun nan kawai, da ɗan ja da baya. Tsohuwar nan tana riƙe da hannuna tana yaba ni, ban so ta sake shi ba. Na ce a raina bari baƙi su shiga ɗaki. Ba su shiga ba. Na ce bari Falmata ta tashi zuwa madafa in bi ta. Da ta tashi, biyu suka bi ta. Na yi wa Zara kitso, na ci ɗanwake, na dawo gida.

"Kin faɗa?" in ji Inna.

Na ce, "Na faɗa."

Kalma biyu ke nan. A raina na ce ai Baba ya ce zai gane.

Da asubar Lahadi Modu ya ɗauki bandar kifinsa ya tafi kasuwar Haɗeja, bai san da wani abu a wuyansa ba. Mu kuma muka buga ƙarfe muka shiga ɗan ɗakin sujadarmu mai rufin kwano. Gari ya yi tsit, zafi na sauka daga kwano kamar ana guga. Baba na cikin karatu sai muka ji awaki suna kuka gaba ɗaya, sannan muryar wata mace, "Jinga! Jinga ta ɓalle bayan giginyu!"

Mutane sun ce Baba ya zauna yana waƙa ruwa na cin gari. Ba haka aka yi ba, ina wurin. Ya ajiye littafin a kan taga ya fita da gudu cikin farar rigarsa ta Lahadi. Da na isa yana cikin ɓarakar, ruwa har ƙirji, yana karɓar buhu daga hannun samari yana dannawa da ƙafa, ruwa na fizge buhun kamar ganye. Sai da mutum uku suka janye shi. Tsofaffi suka duba wurin suka ce jingar ta yi aƙalla awa biyu tana hawaye kafin ta buɗe baki.

Kafin la'asar shinkafar gari duka ta nutse. Kafin magariba muna kan tudun firamare da abin da muka iya ɗauka a ka.

Sati shida muka yi a makarantar nan. Azuzuwa uku ne, aka cusa mata da yara, maza a gindin bishiya. Mu aka bar mana ƙarshen baranda. Ba wanda ya ce mu zauna can, wurin ne kawai ya rage bayan kowa ya matsa. Da rana muna kallon garinmu daga nesa, rufin ɗakuna kamar kunkuru a cikin ruwa. Ginin ƙasa ba ya faɗuwa lokaci ɗaya, sai ya sha ya ƙoshi. Kana zaune sai ka ji dim, ƙura ta ɗan tashi a kan ruwa, wani ya ce, "Na Malam Sale ne," matar gidan ta ɗora hannu a ka. Duk dim ɗin da aka yi, sai na ji idanu sun juyo ƙarshen baranda.

Ba wanda ya doke mu. Da dukan aka yi, ina jin da ya fi sauƙi. Kullum da safe Baba yakan tara mu mu yi addu'a da murya ƙasa-ƙasa, sannan Inna ta hura wuta ko da ruwa kaɗai za a ɗora. Daga nan ya tashi ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya. "Malam Sale, ina kwana? Ya muka ji da haƙuri? Malam Modu, an tashi lafiya?" Wasu su amsa a ciki, wasu su juya baya. Modu yakan kalli ƙasa har Baba ya wuce. Na ce masa, "Baba, ka bari mana, ba sa so." Ya ce, "Ba a ce mini in gai da mai amsawa kaɗai ba."

Yunwa ba ta zo da hayaniya ba. Makon farko ana tuwo sau ɗaya. Na biyu kunu. An kawo taimakon hatsi sau biyu cikin jirgi, aka raba, an kuma ba mu rabonmu, ba zan ɓoye wannan ba, Bulama da hannunsa ya auna mana. Amma kwano nawa ne a cikin gari guda? Daga mako na uku mata suka shiga ruwa neman bado. Mukan tafi da hantsi, ruwa har ƙugu, muna lalube da yatsun ƙafa cikin laka, mu fito da matsattsaku manne a ƙwauri. A shanya 'ya'yan, a daka, a dama. Yana cika ciki, amma bayan awa ɗaya kamar ba ka ci ba. Tafasa muka ci har ta ƙare a tudun. Ƙafafunmu suka yi fari suka tsattsage tsakanin yatsu. Sauro kuwa tun la'asar yake fara aiki. Na ga Inna tana juya tukunya da ludayi, tana zuba wa Baba mai kauri, ita ta sha na sama ta ce ta ƙoshi.

A mako na huɗu amai da gudawa suka shigo. Ruwan sha da bayan gida duk sun zama abu ɗaya. Yara aka fara ɗauka. Zara ta kama da safe, aka yi ta ba ta ruwan gishiri da sukari tana mayarwa, jirgin da zai kai ta asibiti kuma ya tafi da wasu bai dawo ba. Ina hango ta daga baranda a cinyar uwarta, kitson da na yi mata ranar Asabar ɗin nan bai gama warwarewa ba. Washegari kafin azahar ta rasu.

Baba ya ari fartanya ya bi masu haƙa, don a garinmu haƙar kabari ba ta tambayar addini. Modu ya tare shi a hanya. Bai ɗaga murya ba.

"Yau ba Lahadi ba ce ko, Malam Iliya?"

Baba ya tsaya.

"Na ga ka ɗauki fartanya, shi ya sa na tambaya. Ajiye. Muna da hannuwa."

Bayan kwana uku Bulama ya tara maza a gindin bishiyar maina. Mata muna daga baranda muna ji. Samari suka ce idan ruwa ya janye, masu Lahadi su nemi wani garin, tunda ranarsu ta fi musu ran mutane. Wani tsoho ya tuna wa taro abin da Malam Bukar yake yi. Modu ya rantse bai taɓa ji ba. Bulama ya ce, "Rashin sani ya fi dare duhu." Sannan ya juyo. "Malam Iliya, an sanar da shi ko ba a sanar ba?"

Inna ta riga ta gaya wa Baba ta aike ni, kuma na ce na faɗa. Na san zai ce an aika gidan, a kira Falmata, ita kuma ta ce ban faɗa mata komai ba. Baba ya daɗe yana kallon wajen da Falmata take zaune, kwana uku da binne 'yarta.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ban faɗa masa da bakina ba, alhali ni ya kamata in faɗa. Kasona ne. Laifina ne."

Bai yi ƙarya ba, bai kuma ɗora wa mai makoki kaya ba. Shi a zatonsa ita yake rufa wa asiri. Ina zaune taki goma daga wurin, na sunkuyar da kai na bar shi ya ɗauki laifina.

Bulama ya yanke: za mu zauna, kasonmu yana nan a wuyanmu, amma idan jinga ta sake ɓallewa ta wajenmu, ko shi ba zai iya tare mana ba.

Ruwa ya janye, muka koma muka tarar da laka har gwiwa a inda ɗakuna suke. Aka yi gini, aka ci rani da ƙyar, maza da yawa suka tafi neman abinci. Baba tun ranar da ya shiga ɓarakar nan tari bai sake shi ba. Damina biyu da suka biyo baya kogi bai yi ƙarfi ba, ba a raba kaso ba, maganar ta kwanta. Amma a gidanmu ba ta kwanta ba. Inna ta daina shiga gidan Falmata. Tana daka tana cewa, "Mace ta ji saƙo ta haɗiye, ta bar mijina da kayan gari a ka." Baba ya ce, "Saratu, ta binne 'ya." Ta ce, "Na sani, shi ya sa a nan kaɗai nake faɗa." Ni kuma ina gefe ina tankaɗe. Kullum da safe in durƙusa tare da su in ce amin. Duk ranar da fasto ya zo da Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da ba a karɓa da laifi ɓoye a zuciya, sai in ce kaina na ciwo. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma ni abin da na ajiye a nawa ci na yake yi. Sakamakona ya fito da kyau, ban ko nemi gaba ba.

To bana ga kogi ya dawo. Bulama ya raba kaso, bayan giginyu namu ne. Baba yanzu ba ya iya ɗaga rabin buhu, ni da Inna muke cikawa muna jan su. Ƙanin Inna ya aiko daga Malam Madori cewa mu tattara mu taho tun da mutuncinmu. Baba ya ce kabarin ubansa yana nan. Ranar Juma'ar da ta wuce, da maza suka haye jirgi, ya sa na ɗaukar masa kujera zuwa kason Modu, ya zauna yana tari yana kallon gindin jinga har suka dawo. Modu ya wuce ta gabansa kamar kututture ya gani.

Na lissafa a raina: Lahadi zan iya barin sujada in tsaya. Amma idan ta fara hawaye na yi ihu daga bayan giginyu, wa zai ji, wa kuma zai zo?

Ranar Asabar da safe, muna durƙushe, Baba ya ce in yi mana addu'a. Na fara, na kasa. Na ce, "Ban faɗa ba."

"Me?" in ji Inna.

"Saƙon da kika ba ni. Ban faɗa wa Falmata ba. Akwai baƙi, na ji kunya. Ba ta san komai ba."

Inna ta zauna daɓas a ƙasa. Ta dube ni kamar ba ita ta haife ni ba. "Shekara uku, Rahila? Shekara uku ina zagin baiwar Allah a gabanki kina tankaɗe?" Ta ja gyale ta rufe fuska. Na jira Baba ya yi faɗa, ko ya ce ya yafe. Bai yi ko ɗaya ba. Ya yi tari ya huta, sannan ya ce, "Ni na fara, da na ƙi buɗe baki. Amma saƙon da aka ba ki har yanzu yana hannunki. Tashi ki kai."

Na tarar da Falmata ita kaɗai tana tsince shinkafa, Modu yana daga zaure yana gyaran komar kamun kifi, inda zai ji komai. Na durƙusa. Ba ta ce in zauna ba.

Na ce, "Yaya Falmata, Inna ta ce in gaya miki gobe Lahadi, kasonmu ba kowa daga safe zuwa azahar, marigayi shi ke tsaya mana." Na ƙara da cewa, "Tun waccan Asabar ɗin aka aiko ni, ranar da kika yi baƙi. Na zo, na ci ɗanwakenki, ban faɗa ba. Na koma na ce na faɗa. Baba bai sani ba sai yau."

Hannunta ya tsaya a cikin faifai.

"Ranar da kika yi mata kitso," in ji ta.

"Ita."

"Da yanzu tana aji biyu." Ta ci gaba da tsintar, tana fitar da tsakuwa ɗaya-ɗaya tana ajiyewa a gefe. "Na ji saƙo. Tashi ki tafi."

Na bi ta zaure na gai da Modu. Allurar komarsa kaɗai na ji tana shiga tana fita.

Yau Lahadi. Bayan addu'ar safe na ɗauki sheburin Baba. Tunda kakana ya dawo daga asibitin nan ba wanda ya taɓa ɗaukar shebur a gidanmu ranar Lahadi. Baba ya gan ni, ya kalli sheburin, ya kalle ni. Na bi jinga, kogi a damana ya cika fal yana lasar buhunan sama, warin nan yana shiga har maƙogwaro. Da na zagaya giginyu sai na ga mutum tsugune a gindin kasonmu yana danna laka da tafin hannu, ga buhu huɗu cike a gefensa.

"Ina kwana, Kawu Modu?"

Bai ko ɗago ba. Can daga cikin gari aka buga ƙarfe.

"Ajiye sheburin nan," in ji shi, yana kallon lakar. "Tafi. Ana kiranku."

Na ajiye na tafi. A sujada ban iya waƙa ba, kunnena yana wajen awaki. Da muka fito Baba ya dogara sanda ya je har bayan giginyu ya ce, "Malam Modu, sannu da aiki." Modu ya wanke hannunsa a kogi ya wuce, bai amsa ba.

Da la'asar na je duba sandar. Saura zane biyu ruwa bai cinye ba.